Waiwaye: Ranar da Dare Ya Sauka a Nima da Hantsi

Laraba ce, 29 ga Maris 2006. Ƙarfe tara ta ɗan gota, mai koko da ƙosai ta layinmu a Nima ta ajiye ludayi ta ɗaga kai sama. Haske ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Daga Nima har Maamobi kabbara ke tashi, masallatai suna kiran sallar husufi. Kusan minti 3 Akkara ta yi cikin duhu.

Wani yaro da muke karɓa-karɓar tabarau na kwali da shi ya ja mini riga: "Baba, mene ne wannan farin rawani da ya kewaye baƙin?" Na ce masa ya yi shiru ya yi salati. Salatin daidai ne, amma tambayarsa na kashe, kuma abin yana damuna har yau, domin rawanin nan shi masana suke bi da jirage.

Iskar rana ce ta can waje, zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya, ba ta bayyana ga ido sai wata ya rufe fuskar rana. Daga ƙasa gajimare da ƙura kan tare ta, tururin ruwan da ke cikin iska kuma ya shanye wani sashe na haskenta. Shi ya sa a 30 ga Yuni 1973 masana, ciki har da Bafaranshe Pierre Léna, suka sa aka huda rufin jirgin Concorde 001, aka dasa tagogi na musamman, na'urorin ɗaukar hoto suna leƙe ta ciki. Jirgin ya tashi daga Las Palmas, ya bi inuwar wata ta saman Sahara da gudun da ya ninka na sauti biyu, ya sauka a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Minti 74 suka samu cikin duhun! 

Duk wannan sai daga baya na nemo shi, lokacin iyayen yaron sun bar unguwar. A 2 ga Agusta 2027 inuwar wata za ta ratsa Masar ta bi ta kan Makka. Na rubuta ranar da alli a bangon makarantarmu, jikokina kuma sun fara tambaya.