Miƙaƙƙen Layi da Buhun Shinkafa

Ɗalibai da yawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna ɗaukar darasin sauye-sauyen miƙaƙƙen layi a kan giraf tamkar karatun aljanu. Alhali kuwa iyayensu na yin wannan lissafi da ka kowace ranar kasuwa. Turancin da aka naɗe darasin da shi ne ya ɓad da kamanninsa.

A ƙaddara manomi zai kai shinkafa Kano daga Tudun Wada. Yana biyan Naira 500 kan kowane buhu, da kuma Naira 2,000 ta haraji da sauran ɗawainiya, wadda ba ruwanta da yawan kaya. Wannan shi ne y = 500x + 2,000, watau x yawan buhuna, y jimlar kuɗi.

In aka mai da 2,000 ɗin 4,000, layin kan gusa sama ɗungurungum, karkatarsa na nan yadda take. Mai buhu 2 ya tashi daga 3,000 zuwa 5,000, mai buhu 40 kuwa daga 22,000 zuwa 24,000 kurum. Ashe gusawar layi ƙaramin manomi take dannewa. In kuwa kuɗin buhu ne ya ninka, irin tashin da kuɗin mota ya yi bayan janye tallafin man fetur a 2023, sai layin ya ƙara miƙewa tsaye daga mafarinsa. A nan mai buhu 40 zai biya 42,000, mai buhu 2 ya biya 4,000. Duk wanda ya rarrabe sauyin nan biyu ya san wanda sabon haraji zai fi cutarwa tun ba a fara karɓa ba.

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi da Larabci kan hatimin lambobi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma ta yi umarni da a soma koyar da yaro da harshen uwa.

Saboda haka ya wajaba ga Sashen Hausa ya zauna da malaman lissafi a tsai da kalmomi irin su "gusawa", "karkata" da "mafari", sa'an nan a gwada su a ajujuwan waɗannan garuruwa. Kalmar da ɗan manomi ya gane, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.