DAGA BAKIN ALLO: Giwa Ba A Littafi Kaɗai Take Ba

A watan nan zan ɗan ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, in ba ku labarin wata tafiya da na yi, wadda wani ɗalibina ne ya jawo ta ba tare da ya sani ba.

Wata rana ina koyar da 'yan aji shida darasin dabbobi, sai na tambaye su a ina ake samun giwa. Wani yaro mai ƙoƙari ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a Kenya." Na ce to ban da Kenya fa? Sai aji ya yi tsit. Da muka fita shan iska na tambaye su da Hausa ko sun san gwanki, ko kanki, ko mariya. A cikin 'ya'yanmu na zango babu ko ɗaya da ya taɓa jin waɗannan sunaye. Na tashi zan yi musu faɗa, sai na tuna ni kaina, mai riƙe da alli, na haura shekara arba'in ban taɓa ganin giwa da idona ba, alhali kuwa ga ta nan a cikin ƙasarmu Gana.

Saboda haka da aka ba da hutun ƙarshen shekarar 2024, na ari a-kori-kurar surukina, irin mai ƙarfin nan da ke ja da ƙafafu huɗu, na ɗebi 'ya'yana biyu muka nufi gandun dajin Mole. Mun bar Kumasi bayan sallar asuba, muka bi ta Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe, sannan a mararrabar Fufulso muka karkata yamma zuwa Damongo, hedkwatar yankin Savannah. Daga nan sai Larabanga, garin nan mai tsohon masallacin ƙasa, wanda tsakaninsa da ƙofar gandun 'yar tafiya ce kaɗan. Duk wannan ƙasar Gwanja ce, wadda kakanninmu fatake suka riƙa yin wata da watanni a hanya daga Kano domin su zo su sari goro a kasuwar Salaga. Ita kanta kalmar "safari" da Turawa ke kiran irin wannan yawon kallon namun daji da ita, daga Suwahili suka ɗauko ta, asalinta kuma Larabci ne, tushensu ɗaya da "safara" tamu.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, ya zama cikakken gandun ƙasa a 1971, kuma sai da aka tashi wasu ƙauyuka kafin a bar wa dabbobi wurin. Akwai dabbobi masu shayarwa fiye da iri 90 a cikinsa, da tsuntsaye fiye da iri 300. A wasu ƙasashe, kamar gandun Kruger na Afirka ta Kudu, mutum kan shiga da motarsa shi kaɗai ya yi ta yawo. A Mole kana iya tuƙa motarka, amma dole ne malamin daji mai bindiga ya shiga tare da kai. Da farko na ɗauka hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Daga baya na gane in ba don shi ba, da asarar man fetur kaɗai na yi.

Da la'asar ɗin ranar da muka isa muka yi fitar farko. Ni da na saba da titin Kumasi, sai na taka mota, ina ɗokin in kai wurin da giwa take. Yara na bayana suna ta surutu, rediyo na kunne. Muka yi kusan awa biyu, abin da na gani shi ne ƙura, da ciyawa, da wasu zabin daji da suka tsallaka hanya. Malamin dajin, wani dattijon Bagwanje mai jin Hausa, bai ce mini uffan ba sai da muka juyo. Na ce masa, "Baba, ashe dajin naku babu komai." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mun wuce mazo biyu, da garken kanki, da sawun giwa na yau ɗin nan. Su duk sun gan ka. Kai ne ba ka gan su ba." Na ji kunya ƙwarai, domin irin maganar da nake yi wa ɗalibi ke nan in ya karanta shafi a guje, ya ce bai ga amsa ba.

Washegari da ƙarfe 7 na safe na koma ɗalibi, shi kuma ya zama malami. Ya sa na kashe rediyo, na sauke gilasai, na riƙa tafiya a giya ta ɗaya da ta biyu. Ya ce in daina neman dabba sukutum, domin ba kasafai take tsayawa a fili ba. Abin nema shi ne kunne da ya motsa, ko wutsiya da ta kaɗa ƙuda, ko layin baya da ya kwanta a miƙe a inda itatuwa duk suke tsaye. Ya ce in riƙa duba cikin duhuwa, can ƙarƙashin inuwar kaɗanya da maje, maimakon in tsaya a kan ganyen da ke gabana. Ya nuna mini yadda ake karanta hanya: kashin giwa in yana da danshi ba ta yi nisa ba, reshen da aka karya in ɓawonsa ɗanye ne yanzu ta wuce. In kuma birai suka ɗau ihu ko tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, to akwai abin da ya motsa su.

Ikon Allah, dajin jiya ne, hanyar jiya ce, amma sai ga shi ya cika. Mun ga mariya, ja-ja-ja da ita, namijin ne kaɗai mai ƙaho. Mun ga gwambaza mai farin gindi a kusa da ruwa, da mazo mai zanen fari a jiki, wanda 'yata ce ta fara hango shi ta kunnensa. Mugun dawa kuwa har kusa da masauki yake zuwa, ya durƙusa a kan gwiwa yana kiwo, in ya firgita ya ɗaga wutsiya sama ya zura da gudu. Gwanki mai fuska baƙi da fari da dogayen kunnuwa sau ɗaya muka hango shi, can nesa, ya dube mu ya shige.

Ita kuwa giwa, ɗana ne ya ce, "Baba, dubi wancan dutsen." Sai dutsen ya kaɗa kunne. Toro ne, shi kaɗai, yana tsaye bai fi taki hamsin daga gefen hanya ba. Nan na so in yi wauta ta biyu, domin hannuna ya kai ga ƙofa, ina so in sauka in ɗauki hoto. Dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, zauna. Kada ka yi oda, kada ka tare masa hanya." Ya bayyana mana da murya ƙasa-ƙasa cewa idon giwa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinta da kunnenta ba a cewa komai, kuma in ta taso mutum ba ya tsere mata da ƙafa. Wadda ta fi haɗari ita ce uwa mai ɗa, ba mamaki kuwa, tun da wata 22 take yi da cikinsa. Muka zauna shiru har toron ya gama karya rassansa, ya tsallaka hanya a gabanmu, ƙafafun nan kamar turame amma ko motsinsu ba ka ji. Na waiwaya na ga yarana sun buɗe baki, kowa ya manta da wayarsa.

Zaki dai ba mu gani ba, kuma an daɗe rabon da ganinsa ya zama abin sa rai a Mole. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, duk da haka a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya giwar dawa a jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Kada mu ce wannan ba ruwanmu. Naman daji da ake ƙyafewa, da fatu da ƙahoni da ake kasawa a rumfunan masu magani, da buhunan gawayi da ke gangarowa kudu a kan manyan motoci, da gungumen madobiya da aka yi ta sarewa a arewa, duk kasuwa ce ke jawo su, mu kuwa mutanen kasuwa ne. Dokar ƙasa ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara domin dabbobi su samu su hayayyafa, a cikin gandu kuwa babu farauta ko da yaushe. Wanda ya sayi abin da aka kashe ta haramtacciyar hanya, ya taya mafarauci ɗana tarkon gobe.

Kakanninmu da suka ratso dazuzzuka da jakuna sun san sawun kura, sun san kukan damisa, shi ya sa harshenmu ya cika da sunayen namun daji. In dabbar ta ƙare a daji, sunanta kuma ya ƙare a bakin 'ya'yanmu, mun yi asara biyu.

Shawarata ga iyaye, da ƙungiyoyin matasan zango, da 'yan'uwana malamai, ita ce a riƙa haɗa kuɗi ana kai yara. Lokacin rani ya fi, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suke taruwa a bakin tafki. A duba lafiyar mota da tayar safaya, a sha mai a Damongo, a riƙe ruwan sha isasshe, a sa tufafi masu dogon hannu saboda ƙudan tsando. Kada a ba birai abinci, kuma a rufe mota, domin ɓarayi ne na gani-kashe-ni. A kwana aƙalla biyu, a fita da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Abin da ya fi duka, a bi a hankali, a ji maganar malamin daji.

Da aka koma makaranta na sake yi wa 'yan aji shida tambayar nan. Yaron nan ya sake ɗaga hannu, amma wannan karon cewa ya yi, "Malam, yaushe za ka kai mu?" Na yi masa alkawari, yanzu saura in shawo kan iyaye da hedimasta.