Sharhi: Mena ta iya tsaron gida, amma wa zai ci mata ƙwallo?

 Sharhinmu na yau a kan tamola yake, kan ciwon da ya daɗe yana cin Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, wato rashin zura ƙwallo a raga.

Mu fara da gasar CHAN ta watan Agusta na 2025, wadda Kenya da Uganda da Tanzaniya suka karɓi baƙuncinta. Gasa ce da ba a shiga sai da ƴan wasan da ke bugawa a cikin gida. Gini ta ci mu ɗaya da nema, Uganda ta ci mu biyu da nema, muka tashi babu ci da Afirka ta Kudu, muka sake tashi babu ci da Aljeriya. Wasa huɗu, minti 360, ko sau ɗaya ragar abokan karawa ba ta motsa ba. In muka haɗa da wasanni biyu na ƙarshe a gasar da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, inda masu masaukin suka ci mu biyar, Madagaska ta ci mu ɗaya, wasa shida ke nan a jere Mena ba ta ci ƙwallo a CHAN ba.

Duk lokacin da aka sha kashi, hirar fada ba ta wuce abu uku: a kori mai horarwa, alƙalin wasa ya yi son kai, ko kuma sa'a ce ba ta zo ba. To amma ruwa ba ya tsami banza. Mu waiwaya baya kaɗan.

Sau biyu Nijar ta je gasar cin kofin Afirka. A 2012 Gabon ta ci mu biyu da nema, Tunisiya biyu da ɗaya, Maroko ɗaya da nema. A 2013 a Afirka ta Kudu, Mali ta ci mu ɗaya, muka yi canjaras babu ci da Kwango ta Kinshasa, Ghana ta ci mu uku. Wasa shida, ƙwallo ɗaya tak, wadda William Ngounou ya ci Tunisiya. Harouna Doula ne ya kai mu ta farko, Bajamushe Gernot Rohr ya ja ragamar ta biyu. Masu horarwa sun sauya, ciwon yana nan inda yake.

Ko a shekarar murna alamar ta bayyana. A wasannin neman shiga gasar 2012, mun doke Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu a filin Seyni Kountché na Yamai, kuma har yau ba a manta ƙwallon da Moussa Maâzou ya zura wa Masar ba. Amma wasanni ukun da muka buga a waje duk mun faɗi, ba mu ci ko ɗaya ba. Zafin rana da ihun jama'armu sun rufa mana asiri a gida. Da muka fita, asirin ya tonu.

Me ya sa haka? Dalili na farko shi ne, tsaron gida ya fi saurin koyuwa. Mai horarwa zai iya tara matasa masu ƙarfi da juriya, cikin mako biyu ya koya musu tsayawa a layi, da rufe hanya, da bin kowa da nasa. Cin ƙwallo kuwa sana'a ce ta shekaru: sanin lokacin da za ka ruga, da inda za ka tsaya kafin ƙwallo ta iso, da tsayar da ita da taɓawa ɗaya, da bugu da ƙafar da ba ka saba da ita ba, da sanyin zuciya in kai kaɗai ka rage da mai tsaron gida. Ba a koyar da wannan a sansanin horo ana gobe tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, salon wasanmu kansa. Sau da yawa mutum tara ne a baya, ɗan gaba ɗaya tilo a can nesa tsakanin ƙarti biyu. A ɗaga masa doguwar ƙwallo, in ya yi dace ya tare ta, ya waiwaya bai ga kowa ba, domin ƴan tsakiya ba su iso ba. Kafin su iso an ƙwace. Wannan dabara tana aiki muddin ba a ci mu ba. Da zarar an riga mu ci, sai a rasa abin yi, don ba a tanadi wata hanya ta biyu ba. Kuma lissafin maki ba ya tausayi: canjaras biyu maki biyu ne, nasara ɗaya maki uku.

Kada wani ya ce ɗan Nijar bai iya cin ƙwallo ba. A watan Nuwamba na 2024, ƙarƙashin Badou Zaki ɗan Maroko, Mena ta lallasa Sudan huɗu da nema, sannan ta bi Ghana har Akra ta ci ta biyu da ɗaya. Amma ku dubi waccan tawaga: akasarinta masu bugawa a ƙasashen waje ne, irin su Daniel Sosah. Ashe ƙwallayen suna zuwa ne daga waɗanda aka goge su a wani wuri. Tawagar CHAN kuwa madubin gasarmu ta cikin gida ce, kuma abin da madubin ya nuna ke nan.

Nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu, mu mutanen Damagaram. A 1983 Jangorzo ta Maradi ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa, a 1984 Espoir ta nan Zinder ta ɗauka. Tun daga nan kofin bai sake kwana a garin nan ba. Manyan ƙungiyoyin yau na soja ne da jandarma da ƴan garda da ƴan sanda da duwan, sai na kamfanoni irin su Nigelec da Sonidep, kuma duk a Yamai suke. Su ke da albashi, su ke da motar tafiya. Yaron da ya fara haskawa a nan, kafin ya nuna an ɗauke shi. Ƙungiyar da ta rage kuma, in ta ci hanya kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ta sauka a gajiye, ba abin da take nema sai kada a ci ta da yawa. Gasar da rabin ƙungiyoyinta suke shiga fili don kare kai, ina za ta haifi gwanin ci?

Ku kuma dubi inda yaranmu suke koyo. Fili na rairayi, duwatsu biyu a matsayin raga, faɗinta bai fi taku biyu ba, ba mai tsaron gida. A nan yaro yana koyon yanka da wulaƙanta abokin karawa, ƴan kallo su yi ta shewa. Amma zai iya kai shekara goma sha biyar bai saba bugawa a cikakkiyar raga da mutum a cikinta ba, bai san tashi ya sa kai a bugun kusurwa ba.

Tarihin garin nan ma yana da darasi. Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya kewaye Birni da ganuwa, amma bai tsaya nan ba: ya sa maƙera sun ƙera masa igwa. Ganuwa ta hana a ci garin, igwa da dawakai suka sa ake shakkar Damagaram. Mena tana da ganuwa. Maƙeran ne babu.

Saboda haka ga abin da muke gani. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, da reshenta na jihar Damagaram su tsayar da gasar yara ta ƴan ƙasa da shekara 15 da 17, wadda za a riƙa yi kowace shekara, ba sai lokacin hutu ko lokacin siyasa ba. Hukumomin gari su kare filayen unguwanni daga masu yanka filaye, su kafa musu raga ta gaske. Ƙarfe uku da igiya ba su fi ƙarfin kowace ma'aikatar magajin gari ba. Kowace ƙungiya ta ware lokacin horo na musamman ga ƴan gaba, ta kira tsofaffin ƴan wasan da suka san raga su koyar. Attajiranmu da kamfanonin da ke cin arzikin jihar nan, har da matatar mai ta Soraz, su ɗauki nauyin ƙungiya ta tsawon shekaru, yadda yaro zai samu abin da zai riƙe shi a gida har ya ƙware.

Mu ƴan kallo ma da namu. Mu daina zagin yaron da ya buga ya ɓarar, domin wanda aka zaga yau, gobe in ya samu dama zai miƙa wa wani don ya tsira da mutuncinsa. Wanda ya gwada sau biyar ya ci ɗaya ya fi mana amfani da wanda bai gwada ba.

Korar mai horarwa aikin yini ɗaya ne, kuma mun sha gwadawa. Rainon ɗan gaba aikin shekara goma ne, shi ne ba mu gwada da gaske ba. Yaran da za su buga wa Mena nan da shekara goma suna firamare yanzu, wasunsu a unguwar Garin Malam, wasu a unguwar Kara-Kara. Abin da muka tanadar musu bana shi za mu gani a allon sakamako a lokacin.