Kyamarar da ka sa a gida, kai kaɗai ke kallo?

Ya zama yayi a tsakaninmu mazauna Riyad: mutum ya sayi kyamarar tsaro a Batha, ya aika Kano ko Maradi a kafa masa a gida, yana zaune a Manfuha yana kallon tsakar gidansa ta waya. Abin sha'awa ne, ba laifi. Sai dai kaɗan ne ke tambaya, ta wace hanya hoton ke fitowa daga gidan? Sau da yawa ta wata ƙofa ce da aka buɗe a jikin rauta, na'urar da ke raba wayfai. Ƙofar da ta ba ka hanya kuwa, za ta iya ba wani.

Kowace rauta tana da katangar tsaro da ke tare baƙi daga intanet, kuma a jikin katangar akwai ƙofofi masu lamba har 65,535. A ƙa'ida duk a rufe suke ga na waje. To me ya sa in an bincika sai a tarar da wasu a buɗe alhali mai gida bai sani ba? Yawanci ba ɓarawo ba ne. Akwai wani tsari mai suna UPnP da ke ba kyamara ko PlayStation na yara damar buɗe wa kansu ƙofa ba sallama. Wani lokaci kuma mai kafa kyamara ne ya buɗe don ya gama aiki da wuri, ya bar lambar sirrin da ta zo daga kamfani, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Masu cewa "wa zai damu da ni, talaka ɗan ci-rani?" su sani ba mutum ke zaɓen gidan da za a shiga ba. Manhajoji ne ke ƙwanƙwasa ƙofofin duniya dare da rana. A 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, ta riƙa shiga kyamarori da rautoci ta ƙofa ta 23, da lambobin sirrin kamfani kusan 60 kacal. Da waɗannan na'urorin gidajen mutane aka kai harin 21 ga Oktoba da ya hana jama'a da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix. A Nuwamban shekarar, rautoci kusan 900,000 suka tsaya a Jamus bayan an far wa ƙofa ta 7547. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wurinmu kuma abin ya wuce batun na'ura: tsakar gida ne, inda uwargida da 'yan mata ke zaune ba mayafi.

Gyaran bai kai wahalar neman iƙama ba. Da farko a tabbatar daga waje aka duba, domin in kana kan wayfai ɗin gidan za ka ga ƙofofin da na waje ba ya gani, ka tayar da hankalinka a banza. Sannan a shiga saitin rautar; adireshin yana rubuce a bayanta. A kashe UPnP, a kashe damar sarrafa ta daga nesa, a duba jerin ƙofofin da aka tura wa na'urori. In ka ga 23, ko 554 ta hoton kyamara, ko 3389 ta shiga kwamfuta, ba ka san dalili ba, rufe. Ita 7547 kamfanonin intanet kan yi amfani da ita wajen kula da rauta, don haka kafin ka taɓa, tambayi STC ko Mobily ko Zain, wanda dai kake kai. Rautar da aka sayo ta hannu a Haraj kuwa, a mayar da ita saitin kamfani, a sa sabuwar lambar sirri.

Gargaɗi ɗaya: naka kaɗai za ka bincika. Dokar Saudiyya ta 2007 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutse a na'urar wani.

Ku kuma 'yan uwa na gida, kada ku sallami mai kafa kyamara sai ya faɗa muku ƙofar da ya buɗe, ya kuma canja lambar sirri a gabanku. In ya fara kame-kame, a nemi wani.