Tsakanin "Babu" Da "Ba A Sani Ba" A Rumbun Bayanan Kwamfuta

Duk Bahaushe ya san cewa idan aka tambayi mutum kuɗin da ke aljihun maƙwabcinsa, amsar "babu ko kwabo" daban take da amsar "ban sani ba". Mu da muke nazarin harshe mun saba ɗaukar wannan bambanci a matsayin abin da yaro ma ya sani. Sai ga shi a yau wannan ɗan bambanci ne ke yanke hukuncin wanda sunansa zai fito a jerin da kwamfuta ta buga, da wanda za a nema a rasa.

Edgar Codd, masanin kamfanin IBM, shi ne ya shimfiɗa tsarin ajiye bayanai a jadawali-jadawali a shekarar 1970, kuma a 1979 ya faɗaɗa bayani a kan gurbin da ba a cike ba, wato alamar da ke nufin ba a sani ba. Saboda wannan alama ne harshen SQL, wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya, yake da hukunci uku: gaskiya, ƙarya, da kuma rashin sani.

Alal misali, a ce makaranta tana da jadawalin sunayen ɗalibai da kuma na makin jarrabawa. Hanya biyu ce ta haɗa su. Haɗin ciki yana fito da ɗalibin da ke da maki kaɗai. Haɗin waje kuwa, wanda ya shiga ƙa'idar SQL a 1992, alkawari ne cewa ba za a bar kowa a baya ba. Wanda ba a sami makinsa ba zai fito, a bar masa gurbi. To amma idan jami'in ya ƙara sharaɗi a ƙarshe cewa a tace masa waɗanda suka sami ƙasa da 40, me zai faru da yaron da takardarsa ta ɓace? Kwamfuta za ta tambayi kanta ko gurbi ya gaza 40, amsa ta zama ba a sani ba, matacin kuwa gaskiya tsantsa kawai yake bari ta wuce. Haka zai faru idan aka nemi masu 40 zuwa sama. Yaron bai ci ba, bai faɗi ba, kuma babu jerin da zai tuna wa kowa da shi.

A nan ne dabarar sauƙaƙawa ta shigo. César Galindo-Legaria da Arnon Rosenthal sun bayyana ta filla-filla a 1997: matuƙar sharaɗin ƙarshe yana watsi da duk layin da aka cike da gurbi, to haɗin waje ya zama wahalar banza, ana iya mayar da shi haɗin ciki ba tare da sakamakon ya canja ko da layi ɗaya ba. Ribar tana da yawa, domin haɗin waje yana ɗaure wa injin hannu game da jadawalin da zai fara karantawa, na ciki kuma yana ba shi 'yancin farawa da wanda ya fi ƙanƙanta. MySQL da PostgreSQL duk suna yin haka da kansu.

Ko shakka babu dabarar halal ce, kuma ba na cikin masu ɗora mata laifi. Ba ita ta jefar da yaron ba, mai tambayar ne ya yi alkawari a farkon jimla ya warware shi a ƙarshenta. Abin da ke damuna shi ne shirun injin. A daidai lokacin da ya sauya haɗin, ya riga ya gano cewa tambayar tana tufka da warwara, amma sai ya yi amfani da wannan sani wajen ƙara sauri, mai tambayar kuwa ba zai lura ba sai ya nemi a nuna masa tsarin aikin da kansa. Ina ganin ya wajaba masu ƙera waɗannan manhajoji su sa gargaɗi ƙarara a irin wannan wuri. Za a ce wasu ƙwararru da gangan suke rubuta hakan, gargaɗin zai dame su. Su kashe shi mana. Ƙaramin ma'aikacin ofishin jarrabawa ake ji.

Gyaran ma ba wuya. Ko dai a ce "ƙasa da 40 ko wanda makinsa gurbi ne", ko a kai sharaɗin cikin ƙa'idar haɗin ita kanta. Da zarar an yi haka injin ba zai taɓa haɗin wajen ba, aikin zai iya ɗan jinkiri, yaron kuma zai fito.

Codd kansa, a littafinsa na 1990, ya nemi a raba gurbin gida biyu, na abin da ba a sani ba da na abin da bai shafi mutum ba, SQL ba ta karɓa ba. Don haka har yanzu alama ɗaya ce ke wakiltar ɗalibin da takardarsa ta ɓace da wanda bai yi rajistar darasin ba tun farko, kuma sai malamin da ya san ajinsa ne zai iya rarrabe su.