An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wandon Jins da Maganar Awo

Duk wanda ya ci kasuwannin karkara tsakanin Tasawa da Mayahi, ya biya ta El Alasan Mairairai, ya san wannan abu. Ɗan gwanjo ya baje wandunan jins a kan tabarma. Budurwa ta zo tana waige-waige, ta ɗauki ɗaya, ta zagaya ƙugunsa a wuyanta wai awo ke nan, ta biya, ta cusa shi cikin hijabi ta wuce. Sai a gida za ta tarar ya matse ta kamar ɗaurin goro. Ba damar mayarwa, ba bakin faɗa wa uwa. Haka za ta sa shi.

Masu wa'azi da iyaye suna cewa laifin wando ne. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. A watan Nuwamba na shekarar 2000, sa'ad da Alphadi ya kawo bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai, an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi da sunan kare mutuncin mata. Shekaru sama da 20 sun shuɗe, wandon bai tafi ko'ina ba: ya shige ƙarƙashin hijabi da abaya ne kawai. Abin da tsawa ta haifar shi ne saye a ɓoye, saye a ɓoye kuwa shi ke haifar da matsattsen wandon da ake kuka da shi.

Masu cewa baƙo ne su tuna cewa atamfa ma baƙuwa ce, yau kuwa ba lefe sai da ita. Launin jins shi ne shunin da marinanmu suka sani tun kaka da kakanni, daga karofin ƙauye har Ƙofar Mata ta Kano. Su ma waɗanda suka ƙirƙiro shi sun gane cewa jiki ba ɗaya ba ne. A 1873 Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistarsa a Amurka don ma'aikata maza. Sai a 1934 kamfanin ya yanka na mata daban. In su sun yarda siffar mace tana bukatar nata yanka, don me mu za mu ƙyale 'ya'yanmu su auna ƙugu da wuya?

Haka nan ban goyi bayan 'yan matan da suka ɗauki matsewa a matsayin wayewa ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Maraɗi. Kauri da matsi da gumi in sun haɗu, sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Wandon da zai hana mace hawa amalanke ko kabu-kabu cikin natsuwa, ya hana ta durƙusa gaida manya, ai ba ado ba ne, mari ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maganin kuwa ba shi da tsada. Na farko, a auna ƙugu da kwankwaso da tsawon ƙafa da abin awon tela, a rubuta, a tafi kasuwa da shi. Na biyu, kada a amince da lambar da ke jikin wando. Lamba 38 ko 40 ta Faransa daban take da 28 ko 30 ta Amurka, wadda inci take nufi, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Balle gwanjo, wanda wanki ya riga ya tsuke shi ko wani jiki ya buɗa shi. Na uku, a zaɓa bisa faɗin kwankwaso, domin tela yana iya rage ƙugu da tsawo, amma ba ya iya ƙara yadin da babu. Na huɗu, a fifita mara kauri, mai yawan auduga, a kan mai talewa kamar roba. Gwaji na ƙarshe shi ne zama a kan tabarma: in an zauna, an tashi, an sunkuya ba tare da jan numfashi ba, to wando ya yi.

Ya ku malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, aikin nan namu ne. Muna koya wa yara santimita a kan allo, amma ba mu taɓa nuna musu amfaninta a jikinsu ba. Malama ta kawo abin awo aji, ta koya wa ɗalibanta mata. Ƙungiyoyin mata su haɗa 'yan mata da teloli mata na garinsu, kowa ya amfana. Uwa ta raka 'yarta kasuwa maimakon ta jira ta da bulala a ƙofar ɗaki.

Wanda ya ga haramci ne ya kawo hujjarsa, a saurare shi. Amma muddin wandon yana cikin akwatunan 'ya'yanmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.