Takardar Ƙorafi Kan Rashin Kundin Hayar Kadarorin Ƙungiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ta hannun Sakataren Ƙungiya.



Ranka ya daɗe,

Mu 'yan ƙungiya da masu haya a shagunanta, waɗanda muka sa hannu a takardar da ke haɗe da wannan, mun kawo maka kukanmu a kan magana guda. Har yau ƙungiyarmu ba ta da kundin da zai nuna abin da ta bayar haya da abin da ta kama haya, wa ke ciki, nawa yake biya, kuma yaushe wa'adinsa zai cika. Mun tayar da zancen a taro, aka ce za a duba, shiru. Shi ya sa muka zo da shi a rubuce.

Ka fi mu sanin cewa shagunan bakin kasuwa da sito da filin bayan masallaci, iyayenmu ne suka tara kuɗi suka mallaka domin a riƙe makarantar Islamiyya da marayu. Shekara da shekaru lissafin hayarsu yana hannun mutum ɗaya, marigayi wakilin haya, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai amana, amma rabin lissafin a kansa yake, rabi a cikin wani littafin eksasais. Da ya rasu aka ɗauko littafin, sai ga shi ruwa ya taɓa jiƙa shi, tawada ta baje, wasu shafukan sun manne. Inda ake iya karantawa ma laƙabi ne da adadi kawai, babu lambar shago, babu kwanan wata. Da wannan littafin ake aiki har yanzu.

Ga abin da hakan ya haifar. Akwai shagon da mutum biyu suka zo kowa da rasiɗinsa na shekara ɗaya, duka irin rasiɗin da ake saye a kasuwa, babu hatimi, babu lamba. Akwai matar wani ɗan'uwanmu da ya rasu, wadda aka ce ana bin mijinta kuɗin haya. Ta ce ya biya kafin ya kwanta ciwo, ba ta da shaida, masu karɓar ma ba su da ita, a ƙarshe ta sayar da keken ɗinkinta ta biya don kada a rufe mata shago. Akwai kuma waɗanda suka kama shago tun da jimawa a tsohon farashi, suka sa wasu a ciki suna karɓar ninkin abin da suke ba ƙungiya. Wannan haya ce a kan haya, kuma ribar ba ta zuwa wurin marayu. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, amma wasu shagunanmu ba a taɓa kuɗinsu ba, yayin da wasu aka yi musu ƙari ba tare da sanarwa ba. Ba a san ma'aunin da ake bi ba.

Ta ɗaya ɓangaren, ita ma ƙungiya 'yar haya ce. Ginin da ajujuwan 'yan mata suke ba namu ba ne. Wa'adinsa ya cika ba wanda ya ankara, sai da mai gida ya aiko da notis ana tsakiyar zangon karatu. Aka yi ta roƙon arziki, aka sabunta a farashin da ya ga dama, domin wanda ya zo a makare ba ya ciniki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Mai riƙe da takardar mallaka yana biyan kuɗin ƙasa, kuma saɓa sharuɗɗan takardar na cikin dalilan da ake iya soke ta a kai. Sashe na 22 na dokar ya kuma buƙaci amincewar gwamna kafin mai takardar ya jinginar ko ya sallama wa wani haƙƙinsa. Mun ji an ba wani filin na dogon lokaci ya kafa gareji. Mun nemi ganin yarjejeniyar da rasiɗin kuɗin ƙasa na ƙarshe, ba a nuna mana ko ɗaya ba.

A rahoton shekara kuwa, duk wannan layi ɗaya ne: kuɗin haya, sai jimla. Ba a raba abin da ya shigo da abin da ake bi bashi, ba a nuna wanda ya biya na shekaru masu zuwa ba, ba a kuma faɗi abin da ƙungiya ta ɗaukar wa kanta na biya nan gaba ba. Tun Janairun 2019 ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 16 ta wajabta wa kamfanoni su rubuta hayar da suka kama a matsayin nauyin da ke kansu, sai fa wadda ba ta wuce wata 12 ba ko ta ƙaramin abu. Don manyan kamfanoni aka yi ta, amma dalilinta ya shafe mu: haya alkawari ne, wanda bai ƙirga alkawuransa ba kuwa bai san ƙarfin aljihunsa ba. Kuma tun kafin wannan, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu na fiƙihu ma sun sharɗanta a san kuɗin haya da tsawon lokacinta.

Ranka ya daɗe, ba mu zargin kowa da cin amana. Muna dai cewa inda babu rubutu, mai gaskiya ba shi da abin kare kansa, marar gaskiya kuma ba a iya kama shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Don haka muna roƙon:

1. A kafa ƙaramin kwamiti, da wakilin masu haya a ciki, ya zagaya kadarorin ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane shago lamba, ya rubuta wanda ke ciki a zahiri.

2. A buɗe kundi ɗaya, a takarda da kuma a kwamfuta, mai nuna ranar farawa, ranar ƙarewa, kuɗin haya, abin da aka biya, abin da ya rage, da wanda gyara ke wuyansa.

3. Kowace haya ta zama da yarjejeniya a rubuce da shaidu, doguwar kuma ta bi ta hannun lauya.

4. A daina karɓar kuɗi a hannu. A biya ta asusun ƙungiya, a ba da rasiɗi mai lamba da hatimi.

5. A sanar da ɗan haya da kwamiti wata uku kafin wa'adi ya cika.

6. A dakatar da rufe shago ko bin tsohon bashi har sai an tantance, a kuma sake duba maganar matar ɗan'uwanmu.

7. A kawo mai binciken kuɗi daga waje, a karanta rahotonsa a gaban kowa.

Muna roƙon amsa a rubuce kafin babban taron shekara, a kuma sa wannan batu cikin ajandar taron. A cikinmu akwai matasan da suka karanta lissafin kuɗi, sun yarda su yi aikin tattara bayanan kyauta, muddin aka ba su izini da takardun.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara wa ƙungiya albarka.

Mu ne naka masu biyayya,
'Yan ƙungiya da masu haya da suka sa hannu.